Koci ya ajiye ni wai don ni gajere ne

Auta Seta: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau dai sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Shekara uku ina seta, wato mai ɗaga wa masu duka ƙwallo, a ƙungiyarmu ta ƙwallon raga. Ni nake fara zuwa fili, ni nake ɗaura raga, ranar da igiya ta tsinke da kuɗina na sayo wata. Jiya da yamma bayan atisaye koci ya zaro takarda daga aljihu ya karanta sunan mutum 12 da za su tafi gasa, babu ni. Na bi shi har gindin babur ɗinsa na ce Koci lafiya? Ko kashe babur ɗin bai yi ba, ya ce wai hannuna yana da kyau, amma duk sanda na zagayo layin gaba, kusa da raga, kamar an buɗe wa abokan karawa ƙofa ne. Ya ɗauki yaron da bai fi wata takwas da fara wasa ba, don kawai ya ɗara ni da taƙi guda.

To ga tambayata. Kun san Yoshie Takeshita, tsohuwar setar tawagar matan Japan? Tsawonta santimita 159 kacal. Da Japan ta kasa samun gurbin zuwa Olamfik na Sidni a 2000, tana da shekara 22, ita aka ɗora wa laifi, aka yi ta cewa seta mai wannan tsawo ba za ta iya da duniya ba. A 2002 ta bar ƙungiyarta ta NEC ta koma garinsu Kitakyushu, har ta fara neman wani aiki. Ƙungiyar JT ta lallaso ta ta dawo, a 2003 aka sake kiran ta tawagar ƙasa. A 2006 wannan gajeruwar ta zama gwarzuwar duniya. Don Allah ku faɗa min, da irin kocinmu ta samu, da wa zai san sunanta? In haƙura in zauna a benci, ko in canza ƙungiya?

Dogo Simash: Wa alaikumus salam. Auta, sannu da haƙuri. Amma gyara min kalma ɗaya. Gwarzuwar me?

Auta Seta: Gwarzuwar gasar cin kofin duniya ta mata, 2006. Ita aka ba kyautar 'yar wasan da ta fi kowa, aka haɗa mata da ta setar da ta fi kowa. Je ka duba, Yaya Dogo.

Dogo Simash: Ba sai na duba ba. Yanzu ka faɗa wa mutane a ina aka yi gasar, kuma Japan ta nawa ta zo. In ba za ka faɗa ba ni in faɗa. A Japan aka yi, Japan kuma ta shida ta zo. Ta shida! Rasha ce ta ɗauki kofi bayan ta doke Birazil 3 da 2 a Osaka. Ga Gamova, ga Sokolova a tawagar da ta ci kofin, aka tsallake su aka miƙa wa 'yar masu gida. Wasansu na farko ma Taiwan ce ta lallasa su a gaban jama'arsu. Wannan ba gwarzuwa ba ce, tukuicin masauki ne.

Baban Iman: Dogo ya zo da zafinsa 😂

Anti Libero: Tukuicin masauki kuma? Dogo ka ji tsoron Allah. Ku masu duka haka kuke, ƙwallon da aka ɗaga muku ya zauna daidai hannu sai ku daka ƙasa ku buga ƙirji, in ya fita waje ku juyo kuna hararar seta. Ka taɓa zama ka kalli wasan matar nan? Ƙwallon da ya kauce ya nufi kujerun 'yan kallo za ta bi shi a guje, ta juya wa raga baya, ta turo shi ya sauka inda mai duka take jira. Ban da tsinto ƙwallo a ƙasa, wanda a nan ko libero, mai aikin tsaron baya, sai ta yi da gaske.

Dogo Simash: Anti, ban ce ba ta iya ba. Na ce ba gwarzuwa ba ce. Gwarzo shi ne wanda ya kai gida da kofi.

Malam Nahawu: Ku yi min afuwa in sa baki. Ba haka Hausa ta ce ba, Dogo. Gwarzo shi ne mai ƙwazo da dauriya, wanda ba ya ja da baya. A gona ana ce wa mutum gwarzon noma ko da damina ba ta yi kyau ba. Kofi bai shigo cikin ma'anar ba ko kaɗan. Wanda kake nufi shi ne zakara.

Dogo Simash: Malam, a filin wasa muke, ba a aji ba.

Malam Nahawu: A filin ma da Hausa kuke faɗa da alƙali.

Ɗan Madrid: Ni dai abin da na gani, labarin Messi ne sak. 2014 Jamus ta cinye su ɗaya da nema, Götze ya zura, aka kira mutum yana sunkuyar da kai aka ba shi ƙwallon zinare. Duk inda ka ga an ba wanda bai ci kofi ba kyauta, akwai lauje cikin naɗi.

Ɗan Basa: Na san za a zo nan. Ana maganar ƙwallon raga ta mata a Japan, sai da ka nemo hanyar da za ka sako Messi. To 2018 wa aka ba? Ba Modric ɗinku ba? Ba Faransa ce ta ba su 4 da 2 ba? Ranar ai har hotonsa ka saka kana cewa adalci ya yi halinsa.

Ɗan Madrid: Modric ƙaramar ƙasa ya ɗauko a kafaɗa.

Ɗan Basa: Ita kuma wannan baiwar Allah me ta ɗauko, buhun gero?

Baban Iman: Ku ƙara da Forlán a 2010, Uruguwai ta huɗu ta zo aka ba shi. Ban ji wanda ya yi kuka ba.

Dogo Simash: Ta huɗu daban, ta shida daban. Wanda ya zo na huɗu ya buga wasan kusa da na ƙarshe. Wanda ya zo na shida a kujera ya kalle shi kamar ni da kai.

Auta Seta: Jama'a ni fa shawara na nema a kan koci.

Tela Mai Inci: Ku dakata. Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Tun ɗazu ake ta santimita santimita, sai da na ɗauko tef na auna a jikin ƙofar shago na sa alli. 159 ɗin nan inci 62 da rabi ne da ɗan ɗoriya, wato ƙafa biyar da inci biyu da rabi. Wata kwastoma ta shigo karɓar ɗinki na ce Hajiya don Allah ɗan tsaya nan, wallahi allin a saman ɗankwalinta ya tsaya. Kuma ba wanda zai ce mata gajeruwa a unguwar nan. To ina gajartar?

Anti Libero: Tela ka sa baiwar Allah a bango saboda musu? 😂

Tela Mai Inci: Na rage mata ɗari biyu a kuɗin ɗinki.

Baban Iman: Gaskiyar Tela ce ta wani ɓangaren. A cikin matan Japan wannan tsawon daidai-wa-daida ne, in ta shiga kasuwa ba wanda zai waiwayo. A fili ne abin yake fitowa. Gamova da Dogo ya ambata mita biyu da santimita biyu ce. Ka ga tsakaninsu santimita 43 ke nan, kuma raga ɗaya ce ta raba su.

Malam Nahawu: Tunda an zo nan, ni "gajeruwa" ɗin ma ba ta zauna min a kunne ba. Mu gajeriya muka taso muka ji ana cewa.

Tela Mai Inci: Mu a gidanmu gajera ake cewa.

Auta Seta: Ni kakata gajeruwa take cewa, kuma ta girmi duk wanda yake zauren nan.

Malam Nahawu: Allah ya ƙara mata lafiya. Duk ukun akwai su, ban ce kuskure ba ne, na ce kunnena ne bai saba ba.

Ɗan Madrid: To Malam in duk ukun daidai ne me ya kawo maganar?

Malam Nahawu: Abin da ya kawo Messi.

Dogo Simash: Mu koma kan batu. Auta, abin da ba ka faɗa wa mutane ba shi ne ragar mata mita 2.24 ce, ta maza 2.43. Santimita 19 ne a tsakani, kusan taƙin da kake kuka a kai. Ka ɗauko misalin mace ka ɗora a ragar maza. Kuma ko ita ɗin, duk sanda ta zagayo gaba, kanta ake bi da duka. Kowace ƙasa ta san da haka. Zagaye uku cikin shida kana da rami a katangar masu tare duka a raga. Wannan ba ƙiyayya ba ce, lissafi ne, kuma shi kocinku ya faɗa maka.

Anti Libero: Lissafin naka rabi ne. Eh, ana bi ta kanta. Shi ya sa suka gina tsaron baya yadda ƙwallon da ya wuce ta zai tarar da mutum a ƙasa. Liberonsu Yuko Sano ita ma 159 ce. Mata biyu masu tsawo ɗaya, su ne ƙashin bayan tawagar da ta ci tagulla a gasar duniya ta 2010, suka doke Amurka a wasan neman na uku, bayan shekara 32 Japan ba ta ga lamba a gasar ba. Koci mai basira yana toshe ramin ne, ba ya jefar da mai hannun.

Baban Iman: In kuma namiji kake so, ga Masahiro Sekita, setan maza na Japan, 175. A cikin 'yan mita biyu yake wasa.

Dogo Simash: Auta ya kai 175?

Auta Seta: 166.

Dogo Simash: To.

Auta Seta: Da takalmi 168.

Ɗan Basa: 😂😂 Auta ka bar takalmin nan, ka kashe kanka da kanka.

Anti Libero: Ku daina yi wa yaro dariya. Dogo, tunda ka ce gwarzo sai da abin kaiwa gida, zo mu je Olamfik na Landan 2012. Wasan kusa da na kusa da ƙarshe da Chaina, zubi biyar aka yi, kowane zubi da maki biyu aka rabu, na ƙarshe 18 da 16. Saori Kimura maki 33, Yukiko Ebata maki 33. Wa ya ɗaga musu? Birazil ta cire su, suka dawo suka doke Koriya ta Kudu 3 da nema suka ɗauki tagulla, lambar Olamfik ta farko ga matan Japan tun 1984. Takeshita tana da shekara 34 a lokacin. Kuma duk gasar da karyayyen ɗan yatsa ta buga ta, manuniyar hannun hagu, ta karye ana saura kwanaki a fara. Kai da ka san yadda ƙwallo ke zama a kan yatsun seta, ka faɗa min me ake kiran wannan in ba gwarzuwa ba.

Dogo Simash: Anti kin canza shekara. Ni 2006 nake magana.

Anti Libero: Kai kuma ka canza ma'ana. Da ka ce sai da kofi, yanzu ka ce sai a shekarar da ka zaɓa.

Ɗan Madrid: Wa ya ga hoton karayar? Ni ban yarda da labarin da sai bayan an ci lamba yake fitowa ba.

Anti Libero: So kake ta kira 'yan jarida kafin wasa ta ce ga inda za ku buga min?

Ɗan Madrid: Ni dai gani ya kori ji.

Ɗan Basa: Kai da ka yarda da duk ciwon da Ronaldo ya ce yana da shi tun daga Lisbon har Riyad.

Kawu Admin: Ɗan Madrid, Ɗan Basa, wannan gargaɗi na farko ne. Zauren ƙwallon raga ne nan. Mai son wancan musun ya tafi gidan kallo.

Baban Iman: Kawu bari in jefa wani abu da zai rikita kowa. A Landan ɗin nan da Anti take magana, kun san wa aka ba gwarzuwar gasa? Kim Yeon-koung ta Koriya, wadda Japan ta doke a wasan tagulla. Ta huɗu suka zo, ko lamba ba ta samu ba, ga Birazil da zinare a wuya. Kuma ba a ƙasarta aka yi ba balle a ce masauki. Abin dariyar ma, ita Kim ɗin ta yi shekara biyu a JT, daga 2009 zuwa 2011, Takeshita ce take ɗaga mata, tare suka ci wa ƙungiyar kofin lig na farko a tarihinta.

Dogo Simash: Kim daban ce. Ta fi kowa maki a gasar, kowa ya gani da idonsa. 192 ce, tana duka tana karɓa.

Anti Libero: Alhamdu lillahi, ka faɗa da bakinka. Doguwa mai duka in ta ci kyauta ba kofi, ta cancanta. Gajeruwa mai ɗagawa in ta ci, tukuici ne. Ashe ba kofin ne damuwarka ba.

Dogo Simash: Maki ana ƙirga shi. Ɗagawa fa?

Anti Libero: Ana ƙirgawa mana, da me aka fitar da setar da ta fi kowa?

Dogo Simash: Waccan ban yi musu ba, ta seta ce, a ba ta. Ta biyun ce ta tsaya min a wuya.

Tela Mai Inci: Na auna 192 ma. Ya wuce ƙofar shagon.

Malam Nahawu: Dogo, kalmar da ta tsaya maka a wuya fassara ce kawai. Abin da Turawa suke nufi da kyautar shi ne wanda ƙungiyarsa ta fi dogara da shi, wanda in ka cire shi ginin ya rushe. 'Yan jaridarmu ne suka ce gwarzo don ya yi daɗin faɗa.

Dogo Simash: Ɗazu kai ka ce gwarzo ya dace, yanzu kuma ka ce fassara ce ta kawo shi. Malam ka tsaya waje ɗaya.

Malam Nahawu: Duk biyun gaskiya ne.

Ɗan Madrid: Malam kullum duk gaskiya ne a wajensa. Ko jarrabawa haka kake makin?

Malam Nahawu: Taka dai da na maka ba haka ta fito ba.

Baban Iman: Innalillahi 😂 Malam a yi haƙuri, yaro ne.

Ɗan Madrid: Ni ba yaro ba ne, 'ya'yana biyu. Kuma a bar tono tsohon zance.

Auta Seta: Don girman Allah. Tun azahar na yi tambaya, ga shi ana kiran magariba. Mutum ɗaya bai ce min zauna ko tafi ba. Kocin ma yana cikin zauren nan, na ga alamar ya karanta.

Dogo Simash: Au, ashe da biyu ka rubuta. Ka zo ka tara masa jama'a ne, ka ɓuya a bayan 'yar Japan.

Auta Seta: Ban kama suna ba, Yaya Dogo. Kuma kowa ya san yaron da aka ɗauka a layinku yake.

Dogo Simash: Me kake nufi? Fito fili ka faɗa.

Auta Seta: Na faɗi abin da na faɗa.

Dogo Simash: Ni na koya maka yadda ake tsayuwa a ƙarƙashin ƙwallo, lokacin ko raga ba ka iya taɓowa. Yau ni kake yi wa habaici?

Anti Libero: Har yanzu ma ai ba ya taɓowa, ba shi ne ya kawo mu nan ba? Yi haƙuri Auta, ta suɓuce min.

Auta Seta: Har da ke, Anti?

Anti Libero: Ina bayanka ƙanena. Ka zo filinmu ranar Asabar, muna neman mai ɗaga wa yara.

Ɗan Basa: An mayar da kai kocin yara tun kana da shekara 21.

Baban Iman: Ita ma Takeshita bayan ta yi ritaya a 2013 koci ta zama, a ƙungiyar Victorina da ke Himeji. Ka ga kana kan hanya.

Auta Seta: Ita sai da ta je Olamfik sau uku. Ni ko Kaduna ba a kai ni ba.

Kawu Admin: To ya isa haka. Na karanta tun daga sama, saƙo ya haura ɗari, zan taƙaita in rufe.

Na ɗaya, an yi ittifaƙi cewa Takeshita ta iya wasa, kuma ba wanda ya hana ta kyautar seta. Na biyu, batun gwarzuwa, hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta Dogo: a gida aka yi gasar, ta shida suka zo, kuma ba wanda ya iya rushe wannan. Misalan da aka kawo na Forlán da 'yar Koriya duk na huɗu ne, don haka ba su shiga ba. Na uku, an tabbatar ragar maza ta fi ta mata da santimita 19, saboda haka misalin Auta bai hau ba tun daga tushe. Mu da muka yi shekara 15 muna duka a lamba huɗu, wato gefen hagu na layin gaba, mun san abin da gajeren seta yake jawo wa katanga. Na huɗu, koci uba ne, ba a kawo ƙararsa zaure. Auta ya same shi ya ba shi haƙuri. Maganar karyayyen yatsa da ta Malam a kan ma'anar kalma, an ji, Allah ya saka da alheri. Batun 2014 kuwa, duk da na hana, gaskiya ba a kyauta wa Jamusawa ba.

An rufe.

Anti Libero: Kawu, ittifaƙin wa? Mutum huɗu muka ce gwarzuwa ce, mutum biyu suka ce a'a, ɗayansu ma Messi yake yaƙa.

Ɗan Basa: Kuma ka yi min gargaɗi a kan abin da kai ka rufe da shi.

Kawu Admin: Na ce an rufe.

Tela Mai Inci: Auta, in ka samu lokaci ka biyo ta shago in auna ka da kaina, ba takalmi. Ban yarda da 166 ɗin nan ba.